Jirgin Ogobara a Kan Duwatsu

"…Da mutanen gidanka? Da awakinka? Da birran da ka baro a kan dutse, duk sun kwana lafiya?"

"Lafiya ƙalau, suna gaishe ki. Ke fa, ya kwaɗi? Ya kadoji? Jiya na ga wani ƙanen babanki kwance a kan yashi yana shan hantsi, baki buɗe. Na ɗaga masa hannu, bai amsa ba."

"Ba ya amsa gaisuwar bayi."

Ina zaune a ƙofar gidana ina tsintar shinkafa na ji wannan gaisuwa, ban ko ɗaga kai ba na san masu yin ta. Nyamoye Karabenta ce, babbar dillaliyar bandar kifi a tashar jiragenmu ta Mopti, 'yar Bozo masunta gaba da baya, da maƙwabcina Ogobara mai sayar da albasa, ɗan Dogono mazauna kan dutse. Bozo da Dogono kuwa in suka haɗu ba su zagi juna ba, to ɗayansu ba shi da lafiya. Tun maigidana yana da rai nake jin su, Allah ya jiƙansa, har yau ba wanda ya gaji a cikinsu.

Abin da ya kawo ta unguwarmu ranar, jirgi ne. Tun da baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, masu kai su shan iska a kogi suka shiga sayar da jiragensu da araha. Sai Ogobara, wanda ya tsufa a bakin ruwa amma ruwa bai taɓa wuce idon sawunsa ba, ya je ya sayi ɗaya. Dogo ne, na katako, da rumfar tabarma da katifun zama da wani tsohon inji. Ba don su ba, ba don dako ba, don shan iska kawai. Ya yi wa matarsa Yasama da jikokinsa alkawari, washegarin sallar layya zai kwashe su a ciki, su hau kogin Bani, su ci naman rago a kan yashi kamar manyan mutane. Yaran nan har waƙa suka haɗa wa jirgin.

To bayan an zaga da shi ya ɗana, sai ya sa aka jawo jirgin daga ruwa, aka ɗora shi a kan duwatsu a filin da ke tsakanin gidana da nasa. Ya yi wa goshinsa da wutsiyarsa hular jinka. Nan ya daɗe, rana tana gasa shi, ga sallah ta ƙarato.

Nyamoye ta riƙe ƙugu tana kallon abin, 'yan kunnenta na zinariya suna rawa.

"Ogobara, gero nawa ka zuba a ciki?"

"A cikin me?"

"A rumbun nan naka. Na ga duwatsu, na ga jinka, tsani kawai ya rage."

"Wannan shi ake kira adana dukiya, baiwata. Ku kun saba barin kome a ruwa, shi ya sa kome naku yake ƙarni. Mu abin da muke so, sama muke ɗaga shi, kada laima ta taɓa, kada gara ta hau. Rumbun kakana yana nan a kan dutse har gobe, ko ƙofarsa ba ta ruɓe ba."

"Rumbun kakanka ya taɓa ƙetare kogi?"

"Ya je ya nemi me? Ƙetaren ma Bozo ne."

"Tsaya in tambaye ka. Da za ka saya, wa ka yi shawara da shi?"

"Idona."

"Idon da ya tsufa cikin hawayen albasa? Da wane lokaci ka je ganin jirgin?"

"Bayan la'asar, kamar kowane mutumin kirki."

"Wayyo ni! Wa ya ce maka ana sayen tsohon jirgi da la'asar? Da asuba ake zuwa, bawana, kafin mai shi ya tashi ya kwarfe ruwan da ya kwana a ciki. Abin da ka tarar, shi ne gaskiyar jirgin. Da la'asar kowane jirgi salihi ne."

"Da asuba ina masallaci, inda ba a ganin Bozo."

"Mazanmu suna sahun gaba. Ku na baya gajarta ce ta hana ku hango su. To ka ƙwanƙwasa katakon ka ji amonsa? Ka soka tsinin wuƙa a gindinsa ka ji ko ya yi laushi? Ka duba kawunan ƙusoshi ko tsatsa ta cinye su?"

"Na duba katifu. Duk sababbi ne."

"Katifu!"

"Da fenti. Dubi shuɗin nan. Dubi tsuntsun da aka zana a goshinsa, kamar ya tashi."

"Kallon kitse ka yi wa rogo. Sabon fenti a tsohon jirgi ai rufin asiri ne. Tsohuwa ma in ta sha lalle da kwalli sai ka ɗauka budurwa ce."

"To ke shaida ce, ba zan yi miki musu ba."

Na sunkuyar da kai cikin faifaina don kada a ga haƙorana. Nyamoye ta yi kamar ba ta ji ba. Ta matsa ta dunƙule hannu, ta bi jikin jirgin tana ƙwanƙwasawa, kunnenta a kusa, kamar mai zaɓen tukunya a kasuwa. Ta zaro 'yar wuƙar da take ɗanɗana kifi da ita, ta soka nan, ta soka can. Wuƙar ba ta shiga ba.

"Allah yana tausayin wawaye," ta ce. "Maɗaci ne na gaske, ba ruɓa. Wanda ya sayar maka bai cuce ka ba. Kai ne kake cutar kanka. Ina injin?"

"Yana ɗakina, na lulluɓe shi da bargo. Kullum da safe nakan fito da shi tsakar gida in tayar, ya motsa jini."

"A tsakar gida? Ba ruwa?"

"Me zai yi da ruwa? Fetur yake sha."

"Dado, kina jin wannan?" ta juyo wajena. Na ce ni shinkafa nake tsinta. Ta koma kansa. "Injin jirgi sai ƙafarsa tana cikin ruwa ake tayar da shi, shi ke sanyaya masa ciki. In ka tayar ka ga ba ya fitsari ta baya, maza ka kashe. Kai kuwa kullum kana dafa shi da ransa."

"Nawa injin mai tarbiyya ne, ba ya fitsari a gaban mutane. Ba a gidan Bozo ya tashi ba."

"Za ka ga tarbiyya a tsakiyar kogi. Bar injin, ɗana zai zo ya ɗauka ya duba abin da ka ƙona. Zo nan. Durƙusa ka leƙa ta ƙarƙashi."

"In durƙusa a gabanki? Sai dai a lahira, in an yi kuskure."

Amma ya durƙusa. Na lura ya daɗe a wurin fiye da yadda leƙe yake bukata. Ni ma daga inda nake ina hango abin da ya gani. Rana tana ratsowa ta tsakanin katakai, ta zana layuka a ƙasa kamar inuwar asabari.

"Iska ce take shiga," ya ce yana karkaɗe gwiwa. "Kome yana son iska."

"Katako yana ruwa kumbura yake yi, kowanne ya matse ɗan'uwansa, ko allura ba ta wucewa. Ka fito da shi ka shanya kamar albasa, ya ja jikinsa, tsumman da aka cusa a tsakani duk ya zube. Yanzu abin da ke gabanka kwando ne mai fenti."

"To sai in yaɓe shi. Akwai laka mai kyau a bayan gida, in kwaɓa da ƙaiƙayi, ko ɓera ba ya hudawa."

"Laka. A cikin kogi."

"To siminti."

"Ka ji ɗan dutse! Saurara. Za a cusa sabon tsumma da man kaɗe a kowace tsaga. Sa'an nan a mayar da shi bakin ruwa, a loda masa duwatsu, a nutsar da shi. Ya kwana, ya wuni, ya sake kwana, har katakon ya sha ya ƙoshi. Kafin sallah a ɗago shi."

Ogobara ya dube ta. Sai ya fashe da dariya, har da riƙe ciki, har hularsa ta faɗi.

"In nutsar da jirgina! Da hannuna! Kai, Nyamoye, wannan ta fi ta dorina."

Maganar dorina kuwa duk tasha an san ta. Ranar da ya sayi jirgin, Nyamoye ce ta ja shi gefe, ta ce masa dorina ba abin da ta tsana kamar warin albasa. Mutumin nan ya tafi ya yi wa jirgi ado da igiyoyin albasa tun daga goshi har wutsiya, ya shigo tasha yana ɗaga hannu. Matan banda suka yi masa guɗa, kafin ya ɗaure jirgin sun tsinke albasar duka, ranar kowane gida miya ta yi daɗi.

"Har yau ana kirana Sarkin Dorina," ya ce. "Na je ta'aziyya, liman da kansa ya tambaye ni ya talakawana. Yanzu kuma in nutsar da jirgi, ki tara mini gari, a ce Dogono ya sayi jirgi ya kai wa kifi su zauna. A'a. Maciji ya sare ni sau ɗaya, ko tsumma na gani gudu nake."

"Waccan wasa ne. Wannan gaskiya ce."

"Waccan ma haka kika ce. Har da rantsuwa da kabarin kakarki."

"Kakata tana da rai a lokacin, rantsuwar ba ta kama ba. Dado, ara mini bokiti."

Na miƙa mata bokitin ruwan da na ɗebo don alwala. Ta ba shi, ta ce ya zuba da hannunsa. Ya hau dutse ya juye a cikin jirgin. Kafin ya sauko ruwan ya riga shi isa ƙasa, ta ko'ina yake tsiyaya, kajina suka rugo suna sha.

Ya tsaya da bokiti a hannu. Ya gyara hular da ba ta karkace ba.

"Ai daga sama na zuba," ya ce. "Ruwan kogi kuwa daga ƙasa yake zuwa."

"Ƙofar da ta fitar da kai ba ita ke shigo da kai ba?"

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Wannan ɗakin ba inda ba ya yoyo. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kai kuwa ƙwarya ka saya ka mayar da ita rariya."

"Washegarin sallah da safe sai a tura shi ruwa, ya sha abin da zai sha a hanya. Mu ma haka muke tafiya gona, ba ma jiran ƙoshi."

"Zai sha, ya sha, har ya sha ku."

"Baƙin ciki ne kawai. Kin ga ɗan Dogono da jirgi mai katifa, ke kuwa kin tsufa a kan buhun kifi."

A nan na ɗauka za ta mayar masa da wadda ta fi zafi, don ba a taɓa barin ta da bashin magana ba. Na ɗaga kai. Nyamoye ta tuɓe takalmanta, ta zauna a kan ɗaya daga duwatsun, ta haɗa hannuwa a cinya. Muryarta da ta fito ba ta kasuwa ba ce.

"Ogobara ɗan'uwana, Allah ya ba ka haƙuri, zauna mu yi magana."

Wallahi na ga tsoro a fuskar mutumin nan. Ya ajiye bokiti a hankali.

"Ke, lafiya? Wani abu ya same ki? Zage ni mana."

"Ba zan zage ka ba. Jikokinka akwai wanda ya iya iyo?"

"…Babu."

"Yasama fa?"

"Ko a kwano ba ta so ruwa ya yi yawa."

"Jirgin nan in aka tura shi yadda yake, ba a bakin gaɓa zai nuna halinsa ba. Zai bari sai kun yi nisa, inda Bani ya haɗu da babban kogi, inda gora ba ta taɓa ƙasa. Na ga irin haka da idona, ba na son in sake gani. Na yi maka ƙaryar albasa, na ci dariyata, yau ga shi ina faɗin gaskiya ta ƙi shiga. Laifina ne. Amma ka san abin da ke tsakaninmu."

Ya sani, kowa ya sani. Tsofaffi suna cewa a wata yunwa ta zamanin da, kakan Bozo ya yanki naman cinyarsa ya gasa wa kakan Dogono don kada ya mutu. Tun daga nan zagi ya halatta a tsakaninsu, cuta ta haramta. Haka muka ji, Allah shi ne masani.

"Ga abin da zan yi," ta ce. "In ka bari aka nutsar da shi aka ɗago, ranar yawon zan kawo jikata Kadidiya, wadda ko kasuwa ba na bari ta je ita kaɗai, in zaunar da ita a tsakiyar naka jikokin. In kuwa ka ƙi, zan zo in kwanta a gaban jirgin, sai dai ku tura shi ta kaina."

Ogobara ya daɗe yana kallon ƙasar da ruwan ya jiƙa. Daga cikin gidansa ana jin yaran suna rera waƙar jirginsu. Ya share fuska da tafin hannu.

"In ya nutse ya ƙi tasowa fa?"

"Katako ne. Duwatsun ne za su riƙe shi, an cire su zai taso."

"To na ji. Amma don Allah ki koma zagina, wannan ladabin naki yana sa ni zazzaɓi."

"Tashi ka kira maza, jikan biri. Kuma ka sayo wa yaran rigunan ruwa masu hana nutsewa, kowa da tasa, ba albasa za ka rataya musu ba."

"Alhamdu lillahi, ta warke."

Kafin azahar masu gyaran jirgi sun taru. Suka wuni suna cusa tsumma da man kaɗe, Ogobara yana bin su yana cewa a yi a hankali da fenti. Da yamma aka ɗauki jirgin a kafaɗa zuwa bakin ruwa, ni ma na yafa mayafina na bi baya. Aka shiga loda duwatsu. Ruwa ya fara hawa, ya rufe shuɗin, ya kai wuyan tsuntsun da aka zana.

"Ku bari in juya baya," in ji Ogobara.

"Kalla da kyau, yau ka zama mai gida a ƙarƙashin ruwa. Tarwaɗa za su biya ka haya."

"Danginki ne, kyauta na ba su."

Wani mai wucewa da bai san zance ba ya tsaya, ya kama hannunsa, ya ce Allah ya mayar da alheri, dukiya ba ta kai rai ba. Ogobara ya amsa da amin, don bayani ya fi ƙarfinsa. Kwanakin nan duka, in ya fito daga sallar asuba sai ya zarce bakin ruwa ya tsaya yana kallon kan rumfar da ya rage a waje, carbi a hannu.

Ana jajibirin sallah aka cire duwatsun. Jirgi ya taso da kansa, aka kwarfe shi, aka wanke laka. Ya kwana a kan ruwa, da gari ya waye abin da aka samu a cikinsa bai cika moɗa ba. Injin ma ya dawo daga hannun ɗan Nyamoye, aka tayar, ya yi fitsarinsa a gaban kowa.

Washegarin sallah suka tafi, har da ni, don Yasama ta ce ba za ta shiga ba sai da mai yi mata addu'a a kusa. Kadidiya tana tsakiyar yaran kamar yadda aka ce. Ogobara ya zauna daidai tsakiyar jirgi, hannu ɗaya riƙe da wannan gefe, ɗaya da wancan, yana cewa kowa ya kwantar da hankalinsa. Muka ci nama a kan yashi, muka dawo kafin magariba, ko gefen zanena bai jiƙe ba.

Nyamoye tana bakin gaɓa tana jira. Ta fara ƙirga yaran da ido, sa'an nan ta buɗe baki.

"Sarkin Dorina ya dawo! Ya na ga ƙafarka tana rawa?"

"Ƙasarku ce ba ta tsaya daidai ba."

Ya sa hannu cikin kwando ya fito da cinyar rago guda, wadda ya hana kowa taɓawa tun safe, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ungo. Ta kakanki ce na mayar, mu rabu lafiya."

Ta karɓa, ta juya ta, ta auna a tafin hannu kamar kifin da take shirin tayawa.

"Wannan 'yar? Kakana ƙato ne. Ka kawo irinta kowace sallah, in Allah ya ja kwana jikokinka sa ƙarasa."

Ogobara ya yi dariya har ya dafa jirgin.

"Kin ci, 'yar ruwa, kin ci. Amma don girman Allah kada mutanenmu na kan dutse su ji cewa Bozo ta koya mini hankali."

"Ni? Ai tun kana tsakiyar kogi na aika musu da direban motar garinku, Bandiagara."